Hanyar Gidan Amumune: A Tafi da Yaran, Ko a Bar Su a Birni?

Da zarar sallah ta gabato, ko lakwal ta rufe don babban hutu, akwai gardamar da ke tashi a gidajen 'yan ƙasar Mayahi mazauna Yamai, Agadas, Kano ko Legas. Maigida ya ce bana da kowa za a tafi, har da na goye, tunda tsohuwa ta daɗe tana cigiyar jikokinta. Uwargida ta ce, "Na ji, Malam, amma wa zai riƙe su a hanya?" A wani gidan kuma matar ce ke ɗokin ganin gida, mijin na can yana ƙirga kuɗin mota. Kowane ɓangare yana da masu hankali da tsoron Allah, kuma kowa yana ganin alherin yaran yake karewa.

Sai an san hanyar kafin a gane gardamar. Gidan Amumune ɗaya ce daga ƙananan hukumomi takwas na gundumar Mayahi, a jihar Maraɗi. Mai tasowa daga Yamai zai shiga babbar mota, ta Rimbo ko STM ko wata, tun kafin kiran assalatu. Zai wuce Dosso, Dogon Dutse, Birnin Ƙwanni, Galmi, Madawa da Gidan Rumji kafin ya sauka Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 660, awa goma idan komai ya tafi daidai. Washegari ya nemi ƙaramar mota, a bi hanyar Tasawa, a karkata a Cadawa zuwa Mayahi, wajen kilomita 90. Daga nan kuma sai abin da hali ya yi: motar kasuwa, kabu-kabu, ko amalanke. Na Kano hanyarsa ta fi gajarta, ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, sai dai shi akwai iyaka a gabansa.

Abin da masu cewa a tafi suka dogara da shi

Maganarsu ta farko ita ce zumunta a ƙafa take. Gaisuwar waya tana sanar da kai cewa mutum yana raye, amma ba ta sa yaro ya san shi wane ne a cikin dangi. Ranar da aka sauka, kaka za ta tare jikanta namiji da "Maigidana, sai yau? Ina kuɗin cefanena?" Ta macen kuma ta harare ta, ta ce kishiya ta iso. Taubasai su ƙwace masa takalmi, baffa ya ja shi zuwa masallaci yana nuna shi: ɗan wane ne. Cikin wannan wasa da tsokana yaro ke koyon wanda zai durƙusa wa, da wanda zai yi wa ba'a, da wanda ba ya faɗin sunansa. Wanda ba a kawo ba sai ya shekara 15, baƙo ne. Za a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, a yi masa magana da ladabi, shi ke nan. Hausarsa ta cakuɗe da Zabarmanci ko Faransanci ko Turanci, yaran gari na dariya, shi kuma yana ƙirga kwanakin komawa.

Hujja ta biyu ba a cika faɗinta a fili ba, alhali ta fi ta farko nauyi: gona. A jihar Maraɗi mutane sun yi yawa, ƙasa ba ta ƙaruwa, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki da dama ke rabon ta. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye masu ba da takardar shaida, amma ranar da rigimar gado ta tashi, abin da ke aiki tun farko shi ne wa dattawa suka sani, wa ya san inda layin gamba ya raba gonarsu da ta maƙwabci, wane gawo ne iyaka. Uban da ke jan ɗansa ɗan shekara shida zuwa gona da safe, yana nuna masa wannan, yana rubuta masa takardar da babu ita a ofis. Mutuwa ba ta sallama. Ma'aikacin da ya rasu a Yamai ya bar marayun da ba su taɓa taka garin ba, ya bar su ga amanar 'yan uwa, kuma amana a shekarar da hatsi bai yi ba tana wuya.

Na uku, suna cewa wannan tsoro sabon abu ne. Tun kaka da kakanni Bahaushe yana tafiya da jariri. Mai cikin fari gida take zuwa wanka, ta dawo da ɗan kwana arba'in a baya. Yaro ya kai yaye, wajen kakarsa ake kai shi, komai nisa. Fulani da Buzaye da ke bin burtali ta wannan ƙasa, su hau arewa da damina su gangaro bayan kaka, gidansu gaba ɗaya a kan jaki da raƙumi yake, da tukwane da tabarmi da yara, ba a ce 'ya'yansu sun ƙare ba.

Har Turawa suke kafa hujja da su. Dattawan da suka yi zaman Agadas ko Arlit a shekarun 1970 da 1980 suna tuna waɗanda ke ratso hamada daga Tamanrasset ta Asamaka, wasu da tsofaffin Peugeot da za su sayar, wasu da mota mai ɗaki, da gado da murhu da tankin ruwa a ciki, wani lokaci har da yara. A Faransa tun 1936 doka ta ba ma'aikaci hutun mako biyu da albashinsa, daga nan al'adar kwasar iyali a yi tafiya ta kafu, kuma tun farkon shekarun 1950 ake gyara ƙananan bas na Volkswagen a Jamus su zama wurin kwana. To, in ji masu wannan ra'ayi, mutumin da ba shi da kowa a inda za shi yana kashe dukiya don 'ya'yansa su ga duniya, mu da ke da uwa tana jira a ƙarshen hanya me zai hana mu? Yaron birni zai ga goriba da kabar da Gulbin Kaba ya samo suna daga gare ta, ya ga gawon da ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, ya ga yadda manoman Maraɗi tun shekarun 1980 suke barin tohon itace a gona har saura ta koma da inuwa, ya ga sa yana jan guga daga rijiya mai zurfi, ya gane cewa ruwa ba a bango yake tsirowa ba.

Abin da masu cewa a bar su suke mayarwa

Waɗannan ba sa musun ko ɗaya daga cikin abin da aka lissafa. Cewa suke a leƙa cikin motar tukuna.

A Hiace ɗin da ke lodi a tasha, layin mutum uku huɗu ake zubawa, wani lokaci biyar. Yaro ba ya biyan kuɗin mota, don haka ba shi da kujera: cinyar uwarsa ce wurinsa, ƙaninsa na goye an kwanto shi an rungume, yayansu ya tsuguna a kan buhu tsakanin ƙafafun mutane. A sama akwai kaya da suka kusa tsayin motar, da akuya a ɗaure. Idan direba ya taka birki da ƙarfi don jaki ya faɗo hanya, ko taya ta fashe, babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, cewa shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka, mai ƙarancin motoci, ita ta fi kowa yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Hukumar ta kuma ce kujerar yara ta mota tana rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari. Wa ya taɓa ganin ta a tashar Maraɗi? Ko da an samu, binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna a lokacin mace a Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 bisa matsakaici. Kujera nawa za a saya, a wace mota za a ɗaura su?

Game da Turawan da ake misali da su, masu wannan ra'ayi suna cewa an ga gadon ba a ga dokar ba. A Faransa yaron da bai kai shekara 10 ba dole a ɗaure shi a kujerar da ta dace da shi, kuma ko a mota mai ɗaki ba a barin kowa kwance a gado tana tafiya. Gadon na dare ne, bayan an tsaya. Babban abin da mai irin wannan mota ya mallaka shi ne tsayawar kanta: yaro ya yi kuka a tsaya, rana ta take a nemi inuwa, barci ya zo a kwana. Bafulatanin da ke tashi da garkensa ma haka ne, shi ke da ikon zango. Fasinja ba shi da wannan. Direba yana tsere da lokaci, ba zai tsaya don fitsarin yaro ba, shi ya sa uwaye da yawa ke rage wa yara ruwa tun daren tafiya, wasu har su ɗura musu maganin mura don su yi barci. A watan Afrilu, zafin Maraɗi ya haura digiri 40, jariri a rungume cikin ƙarfe, an rage masa sha: kafin la'asar leɓe ya bushe, maɗiga ta faɗa. Idan kuma mota ta lalace a dokar daji, sai abin da Allah Ya yi. Suna tuna wa mutane watan Oktoba na 2013, da aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace, 52 daga ciki yara, mafi yawa 'yan ƙasar Kance a jihar Damagaram.

Sannan ga kalanda, wadda kamar da gayya ta saɓa wa masu ƙananan yara. A 'yan shekarun nan sallolin biyu suna faɗowa tsakanin Maris da Yuni, tsakiyar zafi, lokacin sanƙarau. Babban hutun lakwal kuma daga Yuli ne zuwa ƙarshen Satumba, daidai lokacin da sauro ke cin kasuwarsa, hanyoyin ƙauye kuma ruwa ya yanke su. Zazzaɓin cizon sauro ya fi kisa a ƙasa da shekara biyar. Yaro ya fara jijjiga da tsakar dare, jininsa ya yi ƙasa, ƙaramar likitar ƙauye ba ta ƙarin jini, sai an dangana da asibitin Mayahi. Tafiyar da babba zai yi a kabu-kabu cikin ɗan lokaci, uwa da yaro a amalanke cikin duhu da laka za su kwana suna yin ta. Ga canjin ruwa, wanda 'yan gari sun saba da shi, cikin baƙon yaro bai saba ba.

Martani, da martanin martani

Masu cewa a tafi ba sa barin zancen Arlit ya wuce. Suna cewa wannan rashin adalci ne: waɗancan bayin Allah talauci ya kore su, suka bi ɓarauniyar hanya cikin hamada, ina haɗinsu da mai bin kwalta zuwa garinsu? A nan suna da gaskiya. Kan sauro kuma suna tambaya, shin Yamai da ke bakin kogi ba ta da shi, ko kwatocin Kano? Tun 2013 Nijar ta fara rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, wata-wata daga Yuli zuwa Oktoba, gida-gida ake bi har ƙauyuka. Tun 2006 doka ta yafe kuɗin magani ga 'yan ƙasa da shekara biyar. Allurar sanƙarau ta 2010 ta karya lagon nau'in da ya fi addabar yankin. Uban da ya sa gidan sauro a jakarsa, da katin rigakafi, da jarkar ruwa mai tsabta, ya yi nasa. Yaran Gidan Amumune ma ai 'ya'ya ne, a can suke kwana suna tashi.

Ɗaya ɓangaren ya ce yafe kuɗin magani daban, samun maganin a kan kanta daban, kuma annobar sanƙarau ta 2015 da ta fi tsanani a Yamai wani nau'i ne da waccan allura ba ta rufe ba. Amma inda suka fi dagewa shi ne tambayar da uwargida ta yi tun farko. Maigida yana gaba kusa da direba, carbi a hannu, ana hirar farashin gero. Amai da zawo da kuka suna baya. An isa gari, shi yana dandali ana gaishe shi da Alhaji ya hanya, ita kuwa surukar gida ce: daka, ɗebo ruwa, girkin baƙi, ga kunyar da ba za ta bari ta ce a kai yaro likita ba idan uwar miji ta ce haƙori ne, a jiƙa masa saiwa. Wannan ƙorafi ne da maza ba su cika son ji ba, ni kuwa ina ganin rabin gardamar a nan take kwance. Mata da yawa da ake cewa ba sa son dangin miji, hanyar suke ƙi da wahalar da ta faɗa kansu su kaɗai.

Akwai kuma aljihu. Tun da aka janye tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023, farashin fetur ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, naira kuma ta faɗi a gaban sefa, ɗan Mayahi mai neman kuɗi a Kano ya ga tsarabarsa ta ƙanƙance. Kuɗin da za a kashe a kai mutum bakwai a dawo da su zai sayi buhunan hatsin da tsohuwa za ta ci har kaka. Wanne ne zumunci? Iyaka ma ba ta da tabbas: an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Duk rufewa tana tura mutane hanyar daji a kan babur, a yankin Jibiya da Madarunfa inda 'yan bindiga suka daɗe suna ta'adi. Babba zai iya yin kasada da ransa. Yaro ba a tambaye shi ba.

Tankaɗe da rairaya

Idan aka zauna aka tace, za a ga ɓangarorin biyu ba yaro ɗaya suke magana a kansa ba. Duk amfanin da masu cewa a tafi suka lissafa, sanin dangi, iyakar gona, harshe, gawo da rijiya, na yaron da ya yi wayo ne, ɗan shekara biyar zuwa sama. Duk haɗarin da ɗaya ɓangaren ya fi tsoro, ƙarewar ruwan jiki, jijjiga, zama a cinya, ya fi faɗawa kan wanda bai kai nan ba. Ɗan wata takwas ba zai tuna kakarsa ba. Kakar ce za ta tuna shi, kuma wannan haƙƙi ne, amma a kira shi da sunansa: don ita ake tafiyar.

Hujjar al'ada ma tana da rauni. Mai dawowa daga wankan gida a da, a ƙafa ko a kan jaki take tafe, da sanyin safiya, ta huta a gindin bishiya, garin mijinta kuma bai wuce yini ba. Ba ta taɓa gudun kilomita 100 a awa da jariri a hannu ba. Haka nan hujjar tsoro tana da nata raunin, domin ba ta da ranar ƙarewa. Bana zafi, baɗi sauro, shekara mai zuwa babu kuɗi, sai a wayi gari yaro ya yi gemu, wadda za a kai shi ya gani tana kushewa. Kuma buhun hatsin da aka ce za a aika a madadin tafiya, kowa ya san sau nawa yake isa.

A ganina abin da ya fi dacewa a koya daga mai mota mai ɗaki shi ne ikon tsayawa, kuma ana iya sayen sa ba tare da mallakar motar ba. 'Yan uwa biyu ko uku da ke gari ɗaya su haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota, a yi sharaɗi da direba tun a tasha: ba tafiyar dare, ba ƙarin fasinja, a tsaya idan an ce a tsaya. Wanda bai da halin shata ya biya wa babban yaro kujera, ya raba tafiyar biyu, ya kwana a Maraɗi. Ruwa kada a rage wa yaro ko kaɗan, a riƙe ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda zawo. Uba ya karɓi ɗaya a cinyarsa, ba abin kunya ba ne. Lokaci kuma, ga wanda ke da zaɓi, hutun ƙarshen Disamba ya fi: rumbu cike, sauro ya ragu, hanya ta bushe, duk da cewa akwai hazo da mura da sanyin asuba. Sallah ma tana matsowa da kwana 11 kowace shekara, zuwa 2030 ƙaramar sallah za ta faɗo farkon Fabrairu.

Saura wurin da lissafi ba ya aiki. An bugo waya a watan Afrilu, tsohuwa tana kwance, ta ce a kawo mata jaririn da aka sa wa sunan mijinta ta gan shi. Babu shata, babu jiran Disamba. Wani zai ɗauki yaron ya tafi, ya ce albarkarta ta fi zafin hanya. Wani zai tafi shi kaɗai ya ba ta haƙuri, ya ce amanar mai rai da ba ya iya magana ta fi ƙarfi. Ban ga wanda zan ce ya yi laifi a cikinsu ba. Abin da kawai zan roƙi mai karatu, idan ranar ta zo masa, kada ya yanke hukuncin a majalisa ko a waya da 'yan uwansa maza. Ya shiga ɗaki ya tambayi wadda za ta riƙe yaron daga Yamai har Mayahi.